Ranar da Na Yi wa Mota Ƙunshi

Yanzu na zo kan shekarar mota. Zainab, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki, domin labarin nan kowa a zuriyar nan yana ba da shi, kuma kowa da inda yake karkatar da shi. Na ji mai cewa uwarku ce ta yi, na ji mai cewa wata maƙwabciya ce. Ni ina wurin, hannuna a ciki dumu-dumu, saboda haka ku saurara.

Lokacin sojoji sun koma bariki da 'yan shekaru, gari ya buɗe. An ƙara wa ma'aikata albashi, wayar hannu ta shigo, sai ka ga mutum da babbar riga yana tafe yana faɗa shi kaɗai a bakin titi. Duk inda ka waiga a Abuja gini ake yi. Mu kuma ba mu daɗe da tasowa daga Masaka ba, an ba babanku gidan ma'aikata a Garki, bene ne, mu muna ƙasa. Tagar ɗakina tana kallon filin da ake ajiye motoci, kuma ni ba mai yawan barci ba ce, babu abin da ke wucewa a filin nan ban gani ba. Kullum da safe maƙwabta za su fito, kowa ya tayar da motarsa, yana goge gilas yana fito. Babanku kuma ya ratsa ta tsakiyarsu da fayil a hammata, ya gaida wannan ya gaida wancan, ya nufi bakin titi jiran bas. Shekararsa goma sha biyu yana aiki a ma'aikatar. In wani ya ce, zo in rage maka hanya, sai ya ce ya gode, yana son ya motsa ƙafa. Ni na haife shi. Na san ba ƙafa yake son motsawa ba.

Ranar wata Alhamis motar ta iso. 'Yar Kwatano ce, wani ya taɓa hawa a can ƙasarsu, amma ba za ka ce ba. Shuɗiya ce mai duhu, kamar zanen da ya sha baba sau uku. Uwarku Bilki ta fito da gudu ba takalmi, ke Zainab kina bayanta a goye kina tsalle-tsalle ba ki san abin da ake yi ba. Ni ban yi guɗa ba, ba halina ba ne. Na dai zaga ta sau uku, na leƙa ƙarƙashinta, na ƙwanƙwasa ƙofa na ji ƙarfe ne. Na ce Allah ya tsare, na koma ɗaki na rufe ƙofa, na yi raka'a biyu. Tuwon ranar ban iya ci ba, cikina ya cika da wani abu da ba abinci ba.

Aka sa Asabar bayan la'asar za a yi wa mota addu'a. An gaya wa liman, an gaya wa mutanen bene gaba ɗaya, kuma babban abin, ogan babanku, Darakta guda, ya ce zai zo da kansa. Mutumin da babanku ke miƙewa tsaye in ya kira shi ko a waya ne. Tun daga nan na ɗaura wa raina abu ɗaya: ranar nan ɗana ba zai ji kunya ba, ko da ƙwayar ƙura.

Ran Juma'a ya dawo da wani gwangwani rawaya, faɗinsa kamar murfin kwanon miya. Ya buɗe mana a tsakar falo. Abin ciki kamar man shanun da ya daskare, ƙamshinsa kamar alewar yara.

"Kakin mota ne, Inna, sabon fitowa," ya ce. "Wani a ofis ne ya zo da shi daga waje. In aka shafa aka goge, za ki ga fuskarki a jikin ƙofa. Ruwa ma in ya zuba, gangarewa yake yi."

"Fuskata na san ta," na ce. "Ka dai rufe kada yarinya ta lasa."

Amma da ya fita na sake buɗewa, na lakata da ɗan yatsa na murza. Abu mai kyau ne. Hannuna ya san abu mai kyau.

Safiyar Asabar ya wanke motar tas, ya ɗauko gwangwani ke nan sai wayar nan ta yi kuka. Oga ne, yana neman wata takarda a ofis. Babanku ya zura riga, ya ce ba zai hau motar ba sai an yi mata addu'a, ya ce wa Bilki ta ajiye kakin, yanzu zai dawo. Yanzu ta zama hantsi, hantsi ya zama rana tsaka. Ina taga ina kallon mota a tsakiyar fili, wankakkiya, amma ba ta da wani haske da ya fi na sauran. Zuciyata ta ƙi zama. Na san aikin gwamnati, in suka riƙe mutum sai ya dawo tare da baƙinsa. Na ɗaura ɗamara da mayafina, na kira Bilki daga kicin, na ce ta ɗauko gwangwanin, mu yi masa aikin kafin ya dawo. Idonta ya yi haske, ita ma abin yana cin ta. Ta juya gwangwanin ta fara karanta rubutun bayansa, domin malamar makaranta ce.

"Ya ce a kai motar inuwa, Inna. A shafa kaɗan-kaɗan, wuri ɗaya. In ya fara bushewa a goge, sannan a matsa gaba."

"Wa ya ce?"

"Gwangwanin."

"Gwangwanin ya taɓa yi wa amarya ƙunshi?"

Ku da kuka tashi a nan ba ku san ni a Bichi ba. Shekara talatin ni ce mai lallen unguwarmu. Ba wannan zanen fulawa da 'yan mata ke yi muku yanzu da leda ba, lalle na gaske. A daka, a tankaɗe, a kwaɓa, a lafta shi da kauri, a naɗe ƙafa da ganye da tsumma, a zura hannu cikin zunguru, mace ta zauna. Duk sirrin aikin kalma ɗaya ce: ya kama. Mai gaggawa ta wanke da wuri, ta fito da ƙafa kamar ta taka ruwan kwata. Mai haƙuri ta bar shi ya sha zafi ya gumu, ta kwance ta ga ja har yana komawa baƙi. Ban taɓa ganin abin shafawa a duniya da yake son a taɓa shi kaɗan a goge nan take ba. Man kaɗanya a fata, makuba a daɓe, baba a zane, duka sai an bar su sun kama.

"Mutanen da suka rubuta wannan ba su da rana a ƙasarsu," na ce mata. "Inuwa suke da ita, shi ya sa suka ce inuwa. Mu Allah ya ba mu rana. Kawo soson."

Bilki ta ajiye gwangwanin. Suruka ce mai kunya, shekara biyar muna tare ba ta taɓa mayar mini da magana ba. Ta ce to, Inna.

Ai kuwa muka duƙufa. Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki kamar na ranar ba. Ni ta gaba, ita ta baya, muna laftawa muna zagaye, kakin yana narkewa a jikin ƙarfe mai zafi yana bin hannu lumui. Har na manta da ciwon gwiwa. Bilki ta fara 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, ban hana ta ba. Muka shafe ƙofofi, muka shafe bonet da but, ta taka kujera ta shafe rufi, har baƙar robar da ta zagaye gilas ban bari ba, don ba na son aikin da ake tsallake lungu. Na kankare gindin gwangwanin da cokali. Sannan na shiga ɗaki na ɗauko tsofaffin zannuwa biyu na lulluɓe bonet da rufi, na danne gefe da duwatsu, don ya gumu sosai. Na ja da baya na duba. Na ce a raina, yau Garki za ta ga mota.

Muka yi azahar, muka ci abinci, na ƙara mata wani lokaci don in tabbatar. Wajen ƙarfe biyu na fito, na ɗauke duwatsu, na kama bakin zane na ja. Zane ya ƙi tahowa. Na ƙara ƙarfi, ya ɓanɓaro da wata ƙara kamar ana yage takarda, ya bar zarensa da hoton fulawarsa a bonet. Motar gaba ɗaya ta koma fara fat, kamar kazar da ta yi birgima a toka. Ban damu ba tukuna, lalle ma kafin a wanke ba kyan gani gare shi ba. Na sa tsumma na goga. Babu abin da ya motsa. Na danna da ƙarfina duka, na sa farce. Abu ya zama kamar siminti.

A nan ne Iya Tope ta leƙo daga bene. Bayarabiya ce mai shagon atamfa a kasuwar Garki, mace mai murya, tana da motarta tana tuƙa kanta. Hausarta irin ta Abuja ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Yeee! Mama! Wane ne ya kashe wannan mota? Jiya shi baƙi, yau shi ya yi furfura!"

"Kamawa yake yi," na ce.

"Ya kama, Mama, ya kama wel-wel! Ba zai saki ba!"

Ta sauko da gudu zaninta a hannu. Ta taɓa, ta ɗora hannu biyu a ka. Ta ce abin nan minti kaɗan ake ba shi, a inuwa, kuma cokali biyu ya ishi mota guda, ina sauran, don sabo yakan narkar da busasshe. Na nuna mata gwangwani. Ta leƙa ta ga fuskarta a gindinsa. Bilki kuwa tana tsaye hawaye na zuba.

Ni ba na tsayawa kuka a kan aikin da ya ɓaci. Na ce a kawo toka da soson ƙarfe, da su nake fitar da tasa ko shekararta nawa da baƙi.

"Inna, a'a!"

Ban taɓa jin muryar Bilki da ƙarfi haka ba. Ita kanta ta firgita, ta rufe baki da hannu. Sannan ta ce a hankali, "Don Allah, Inna. Fentin zai tafi gaba ɗaya. Don girman Allah."

Na dube ta, ta sunkuyar da kai amma ba ta matsa daga gaban motar ba. Na ce to, me gwangwanin ya ce? Wannan tambayar ta fi mini daka turmi goma wuya.

Gwangwanin bai ce komai ba a kan irin namu, da alama bai taɓa haɗuwa da mai lalle ba. Iya Tope ce ta karɓi ragama. Ta amshi makulli, ta ja motar zuwa inuwar katanga. Aka ɗora ruwa ya yi ɗumi, aka kwaso tsofaffin ɗankwalaye masu laushi da tawul ɗinki, Zainab. A jiƙa, a ɗora a wuri ɗaya kamar tafin hannu, a jira ya yi laushi, a murza, a murza, a bi da busasshe. Ni na fara samun wurin farko, a ƙofar direba. Farin ya ɗaga, shuɗin ya fito daga ƙarƙashi, kuma jama'a, wane irin shuɗi! Mai zurfi, mai sheƙi, kamar ka leƙa rijiya da rana tsaka. Na ga idona a ciki, na ga benen bayana, har da wandon wani da aka shanya a sama.

"Kun gani?" na ce. "Ya kama."

Iya Tope ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Mama, goga dai, goga!"

Muka goga. Mata uku, gumi har cikin ido, miyar walima tana can tana ƙonewa a kicin ba wanda ya tuna da ita. Kowane tafin hannu da ya fito sai mun yi ihu kamar yara. Muka fitar da ɓangaren direba, muka fitar da bonet da fulawarsa, muka fitar da but. Bilki ta hau kujera ta yi rufi. Ana kiran la'asar, ɓangaren dama, ƙofofi biyu da gaba da baya, yana nan fari fat ba a taɓa ba, kuma yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa. Mutane sun kusa fitowa daga masallaci. Na dubi mota, na dubi katanga. Na ce wa Iya Tope ta juya ta, ta manna farin da katanga yadda ko kyanwa ba za ta ratsa ba. Ta yi gaba ta yi baya sau shida, ta fito tana cewa Allah ya yafe mana. Na sa aka shimfiɗa tabarmi da kujeru a ɓangaren hagu, na ajiye babbar tukunyar shinkafa a gaban motar, bokitin lemo a bayanta, don kada wani mai ƙafar yawo ya leƙa.

Babanku ya iso cikin motar oga, kamar yadda na zata. Ya fito, ya ga motarsa, ya tsaya cak. Rana ta karkato ta bugi ƙofar nan, haske ya watsu har fuskokin mutane. Maƙwabta suka taso. Wani yana gyara hularsa a jikin ƙofa, wani yana tambayar ko fenti aka sake. Darakta, dattijo mai farin gilashi, ya shafa bonet da bayan hannu.

"Kai, Malam, wannan ai ta fi tawa! Wane kamfani ka kai?"

"Mutanen gida ne, ranka ya daɗe," ya ce, yana kallona, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun yana yaro. Liman ya yi addu'a doguwa, muka shafa. Aka fara zuba shinkafa. Na ce a raina, saura kaɗan, su ci su tafi, gobe da sassafe mu ƙarasa.

Sai Darakta ya ajiye cokali.

"A garinmu, sabuwar mota uwa ce ke fara shiga. Hajiya, bismilla. Malam, zaga da ita unguwa."

"Na yafe, ranka ya daɗe. Ƙafata ciwo take."

"Ai don ciwon ƙafa aka yi mota."

"To, in shiga baya, ta nan."

"Baya? Uwar mai mota? Gidan gaba, Hajiya! Malam, janyo ta daga jikin katanga a buɗe wa Hajiya ƙofa. Wa ya yi wannan fakin haka kamar ana ɓoyon ta?"

Aka yi dariya. Da hannunsa ya taimaka aka ɗauke tukunyar shinkafa. Na nemi idon Iya Tope, ta ɗaga kai tana ƙirga tagogin bene. Babanku ya shiga, ya tayar, ya ja gaba, ya karya sitiyari don ya kawo mini ƙofa daidai ƙafata. Farin ɓangaren nan ya juyo ya fuskanci jama'a gaba ɗaya.

Kowa ya zuba wa motar ido. Har cokula suka tsaya. Babanku ya fito yana murmushi, ya zagayo don ya buɗe mini, ya gani. Ya taɓa da yatsa. Na ga wuyansa ya kumbura. Wani daga baya ya ce mota ta yi rabin wanka, wasu suka fara tari. Bai dube ni ba, ko kusa bai kawo ni a ransa ba. Matarsa ya juya ya nema.

"Bilki. Na ce ki ajiye. Ke da kika yi karatu, rubutu a jikin abu ba ki iya karantawa ba? A gaban mutane?"

Ta sunkuyar da kai. Na san ta, da za a shekara a wurin ba za ta ce Inna ce ba. Kuma da na yi shiru, da maganar ta zauna a kanta har yau, shi kuma ya zama mutumin da ya ci mutuncin matarsa a gaban ogansa a kan laifin da ba nata ba, wanda ya fi farar ƙofa muni. Ni kuwa shekara sittin da wani abu ban taɓa tsayawa gaban maza na ce na yi kuskure ba. Ko marigayi kakanku bai taɓa ji daga bakina ba. Na miƙe, gwiwa tana ƙara.

"Kai, rufe bakinka. Ta karanta. Inuwa ta ce, kaɗan ta ce, a goge da wuri ta ce. Ni na ce a lafta a bar shi a rana ya kama, kamar lalle. Har zane na rufa mata. Wannan mai kyan da kuke yabo, hannunta ne da na maƙwabciya. Farin nawa ne."

Darakta ya cire gilashinsa.

"Hajiya, ƙunshi kika yi wa motar?"

"Ƙunshi na yi mata."

"Awa nawa?"

"Biyu da wani abu."

"Ai kin yi gaggawa," ya ce. "Tsohuwata kwana take sa a yi da shi."

Sai ya fashe, ya riƙe cikinsa, hularsa ta faɗo. Liman ya biyo shi, fili duka ya ɗauka, har na saman bene. Babanku ya tsaya tsakanin dariya da kunya, sannan ya taka wurin Bilki a gaban kowa ya ce ta yi haƙuri. Darakta ya dafa kafaɗarsa ya ce mutumin da mata uku suka yi wa wannan gumin ba ƙaramin mutum ba ne.

Abin bai tafi a banza ba, kada ku zata. Farin da ya shiga baƙar robar gilas bai fita ba har aka sayar da motar. Kuma daga ranar maganata ta daina zama ta ƙarshe a gidan. In na kafe a kan maganin yara ko sabon risho, sai babanku ya ce a hankali, Inna, ko a bar shi ya kama? Dole in yi shiru in miƙa wa Bilki kwalin ta karanta. Ya yi mini ciwo shekaru, ba zan ɓoye muku ba.

Amma yammacin nan na shiga gidan gaba. Ƙofar tana barin mini farin gari a mayafi, ban kakkaɓe ba. Bilki ta shiga baya da ke a cinya. Muka fita titi, na sa aka sauke gilas, iska tana bugun fuskata, kujera mai laushi kamar ba a ƙasa ake tafiya ba. Da muka shiga babban shataletale, sai na ga masu jiran bas da masu talla suna nuna mu da yatsa. Babanku ya rage wuya cikin riga.

"Inna, a shataletale ɓangarenki kawai ake gani. Bari mu koma gida."

Na fitar da hannuna ta taga, na dafa farar ƙofar da tafina, na gyara zama.

"Ni na shafa, ni nake zaune a kansa. Kai tuƙi aka ce ka yi. Sake zagayawa."

Sau uku muka zaga.